Akwatin gilashi na nuna kudan zuma, wa ya taɓa haɗa shi a Damagaram?

Mushen CM2: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwon zuma ina neman shawararku. Ni malami ne a CM2, ajin ƙarshe na firamare. So nake in kai kudan zuma masu rai cikin kalas, yara su ga saƙa da idonsu, su ga ƙwai da tsutsa, in da hali har uwar kudan mai yin ƙwai, don zanen allo ya ishe mu haka. Na ga bidiyo a YouTube wani bature ya ɗauko siririn akwati mai gilashi gaba da baya da mariƙi a sama, saƙa ɗaya tak a ciki, ya ajiye bisa tebur yara suka kewaye. Ana iya haɗa irinshi nan Zinder? Kuma ba za su mutu ba da zafin nan namu? Akwai ma wata ƙungiyar manoma wajen Dogo da suka ce in an haɗa a kai musu su ma su gani.

Ɗan Mirya: Mushe kudan zuma cikin kalas?? hhh kalas mai ƙofa ɗaya, ranar za ka san yaranka sun iya gudu, kai ma ta taga za ka bi

Minizyen Zengo: Wa alaikumus salam Mushe. Aikin katakon ba wani abu ba ne, gefe biyu da ƙasa da murfi, a tsaga hanya a jikin katakon gefe gilashi ya zauna ciki. Abin da nake so a faɗa min shi ne awo, don na taɓa yi ma wasu masu kiwo akwatin Kenya, amyar katako mai sanduna jere a sama, kuma na ga yadda suke rigima kan milimeta biyu. Wace irin saƙa za a sa, mai firam da katako ya kewaye ta, ko mai rataye a sanda?

'Yar Birni: Rigimar milimeta tana da dalili Malam minizye. Kudan zuma suna barin hanyar wucewa tsakanin saƙa da saƙa wadda ba ta wuce milimeta 6 zuwa 9 ba. In ka bar musu fili fiye da haka sai su gina sabon kaki a wurin, in kuma bai kai ba sai su liƙe shi da ƙaro. Wani fasto a Amurka, Langstroth, shi ya gina akwatinsa bisa wannan awon tun 1851 kuma har yau a kai ake. To ga lissafin: saƙar 'ya'ya kaurinta wajen milimeta 22 zuwa 25, ka ƙara 8 ta nan 8 ta can, kenan daga gilashi zuwa gilashi ka bar kamar milimeta 40. In ka buɗa ya kai 50 ko 60 za su ɗora kaki a jikin gilashin ba abin da za a gani, in ka matse kuma ranar rufewa za ka murƙushe su.

Minizyen Zengo: 40 daga ciki zuwa ciki, na rubuta. Gilashi mai kaurin 5 zan sa, na 3 ɗin da ake sa wa hoto ko gwiwar hannu ta taɓa shi ya tafi.

Baba Mai Amya: Salamu alaikum. Yarona ne ya karanto min maganar nace bari in sa baki. Mushe kafin a kai ga awo ka fara cire bidiyon bature daga ranka. Su can sanyi suke gudu, shi ya sa za ka ga akwatinsu a toshe da 'yan huji biyu ko uku. Mu nan abin da zai kashe maka su zafi ne, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Na gani da idona a wani taro da aka yi cikin bazara, wasu baƙi sun zo da irin akwatin nan suka ajiye shi bakin rumfa, rana ta juyo ta same shi ana can ana jawabi ba wanda ya kula. Kafin a gama gaishe-gaishen manya saƙar ta yi laushi ta zame ta zauna a ƙasa, zuma ya malalo, kudan duk sun jiƙe sun yi baƙi wuluk suna rarrafe jikin gilashi. Abin da manoma suka tafi gida da shi ranar kenan, cewa akwatin zamani kashe zuma yake.

Mushen CM2: Subhanallah. Baba ina wuni, na gode da ka shigo. To ai ni ina ganin tunda a cikin amya ma zafin suke sha kuma suna rayuwa

Baba Mai Amya: Cikin amya suna da ƙofa ɗana. In zafi ya yi wasu su tafi ɗebo ruwa su shafa bisa saƙa, wasu su jeru bakin ƙofa suna fifita da fiffike, wasu ma su fito waje su yi cincirindo don a rage jama'a a ciki. Kai kuma ka rufe su cikin gilashi ba fita ba ruwa, daidai da ka kulle mutum cikin mota a rana ka ɗaga gilasai.

'Yar Birni: Maganar Baba ita ce gaskiyar. Wurin 'ya'ya suna riƙe shi a digiri 34 zuwa 35 dare da rana, mu kuma Afrilu da Mayu ko a inuwa ana wuce 40. Kaki sai ya haura 60 yake narkewa amma tun kafin nan da nisa yake saki, balle yana ɗauke da nauyin zuma. Don haka Malam minizye ramukan iska su yi yawa: jere a ƙasa, jere a murfi, manya a gefe biyu, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. A rufe su da ragar ƙarfe mai ido kamar milimeta 3, ko ragar sauro ta ƙarfe in ita aka samu, banda ta roba don suna iya cinye ta. A buga ragar daga ciki.

Minizyen Zengo: To in haka ne me zai hana gindin gaba ɗaya ya zama raga, in ɗora shi kan ƙafafu biyu masu faɗi? Dama siririn abu haka in ba ƙafa mai faɗi yaro ɗaya ya jingina ya kife.

Baba Mai Amya: Ka kawo shawara. Ka yi haka. Kuma ka yi mishi ƙyaure na kwantirplake gaba da baya wanda zai rufe gilashin, ba a buɗewa sai lokacin kallo. Duhu suka sani, in haske ya dame su sai su yi ta gudu jikin gilashi suna neman hanya, gudun nan kuma zafi yake ƙarawa.

Ɗan Mirya: Ni fa har yanzu tambayata ɗaya, in yaro ya buɗe fa? Kun san yaran yanzu ko salula ka sa ma lamba sai sun buɗe

Minizyen Zengo: Ba sakata zan sa ba aboki, bis zan ɗaure murfin da shi, sai mai turnabis. Gilashin kuma cikin tsaga yake ba ya zaruwa sai an cire murfi.

Matashin Magarya: Barkanku. Ni ina da akwatin Kenya da Langstroth duka, bari in amsa tambayar minizye ta farko da aka tsallake. In da zaɓi a ɗauki firam na Langstroth, katako ya kewaye saƙar ta ko'ina ga waya a ciki tana riƙe da ita, sandar sama wajen santimeta 48, zurfi wajen 23. Saƙar akwatin Kenya a sanda ɗaya kawai take rataye, ba komai a ƙasanta, ko a hannu ka karkata ta kwance sai ta ɓalle balle a bayan moto kan hanyar laterit. Matsalar ita ce yawancin mutanenmu Kenya suke da shi, sanda mai faɗin milimeta 32, kuma in za ka je gaban manomi gara ka nuna mishi irin wanda zai iya saya ko ya ƙera. In dole sai ita to a zaɓi tsohuwar saƙa wadda ta yi duhu, an ƙyanƙyashe a cikinta sau da yawa ta yi tauri, kar a ɗauki sabuwa fara ko da ta fi kyau a ido, kar kuma a ɗauki mai zuma da yawa a sama. Minizye ya sa 'yan ƙusoshi ko siraran sanduna biyu su tallafe ta daga ƙasa.

Mushen CM2: Ngd sosai. Yanzu maganar uwa, don gaskiya ita ce yara za su fi tambaya.

Baba Mai Amya: Ban yarda a ɗauki uwa ba.

Mushen CM2: Baba ko na safiya ɗaya?

Baba Mai Amya: Ko na safiya ɗaya. Kai za ka tafi lakwal da ita, gida ka bar dubbai ba uwa, kafin azahar sun gane, ka ji kukansu ya canza. In ta mutu a hanya ko gilashi ya matse ta ka kashe amya guda saboda kallo. Kuma kudanmu ba na turawa ba ne, ba su da haƙuri, ka dame su yau ka dame su gobe wata safiya ka zo ka tarar da akwati wayam sun yi ƙaura. Nemanta ma aiki ne, uwar kudanmu gudu gare ta, kana ɗaga saƙa ta zille ƙasa, kafin ka same ta ka buɗe akwati gaba ɗaya unguwa ta ɗauka. Ka ɗauki saƙa mai ƙwai da tsutsa da rufaffun 'ya'ya da ɗan garin fure a gefe, ya isa darasi.

'Yar Birni: Baba Allah ya ƙara girma, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Ga yaran lakwal na yarda ba sai da uwa ba. Amma manoman Dogo fa? Mutanen da ke hawa itace da dare da wuta su ƙone amya su kwashe komai, har saƙar 'ya'ya a matse ko a zubar, kuma har gobe sarki suke ce mata suna ɗauka namiji ne. Ka yi musu bayani awa biyu za su ce to Malam su tashi. Amma mutum ya tsuguna gaban gilashi ya ga doguwar nan tana tafiya a hankali sauran sun kewaye ta suna shafa ta, ta leƙa rami da kai, ta juyo ta zura ciki, ta ɗan tsaya, ta fito ya leƙa ya ga ɗan farin ƙwai a tsaye a ƙasan ramin wanda bai wuce milimeta ɗaya da rabi ba, wlh wannan mutumin ba ka buƙatar ce mishi komai kuma. Sai ka ƙara mishi da cewa a lokacin fure tana iya yin sama da dubu a rana, ƙwan nan kwana 3 ya zama tsutsa, cikin sati uku ya fito ma'aikaciya, ita kuma ma'aikaciyar sati shida ne kwananta lokacin aiki. Shi da kanshi zai yi lissafin abin da wuta ke ci mishi.

Baba Mai Amya: 'Yata maganarki akwai hankali, ni ma da wutar na taso kafin in bari. Amma uwar wa za a ɗauka? Ba tawa ba dai.

Ɗan Mirya: hhhh Baba ya ce wa'azi ya yi kyau amma a yi da akuyar wani

Matashin Magarya: Akwai hanyar da ku biyun za ku sha. A ware ƙaramin gida musamman na nuni, saƙa huɗu ko biyar, ba wanda ake jiran zuma daga gare shi ba. Ƙaramin gida bai cika faɗa ba kuma uwar ba ta wuyar gani. Sannan akwai wani samfuri da ake ce ma Ulster, ƙasa akwati ne na firam biyar sama kuma gilashi mai ɗaukar ɗaya. Ranar nuni sai ka ɗaga firam ɗin da uwa take kai ka sa a sama, tsakani akwai raga mai tsaga wadda ma'aikata ke wucewa amma uwa ba ta iya bi, gurbin da ka bari a ƙasa ka sa abin ruwa. Kenan gidan gaba ɗaya ka ɗauko, ba wanda ya rasa uwa, kuma suna da yawan da za su kula da zafin 'ya'ya. Illarshi nauyi, ba abin ɗauka da hannu ɗaya ba ne, kuma yawan kudan yawan zafi, sai iska ta wadata sosai.

Minizyen Zengo: Wannan ya fi cin katako da aiki, kuɗinshi zai kusan ninka. Mushe aljihun lakwal ne ko naka?

Mushen CM2: Wane lakwal Malam, alli ma da kanmu muke saye. Mu fara da mai saƙa ɗaya ba uwa, in ƙungiyar manoma sun ga amfani su haɗa kuɗin babban.

Baba Mai Amya: Yauwa. Haka na yarda, zan ba ka aron saƙa. Sharaɗi: da sassafe a ɗauka, kafin la'asar ta koma gidanta. Ba kwana.

Hajiya Mai Zuma: Sannunku da muhawara. Ni tun ɗazu nake karantawa ina lissafin kaina. Kullum a kasuwar Dole sai an ce min Hajiya ba dai sukari aka dafa ba, in rantse in gaji. Da zan samu akwatin nan in ajiye bisa teburina ranar Alhamis ai ba mai sake min wannan tambayar. Ƙanena minizye nawa za ka yi min?

Matashin Magarya: Hajiya ina wuni. Kasuwa kam a yi hattara. Ga zuma a buɗe a teburinki ga ƙamshin saƙa na fita ta raga, kudan gari za su zo su yi ta shawagi bisa akwatin, mutane kuma ba za su tsaya bambancewa ba, cewa za a yi na Hajiya ne suka ɓalle. Ga rumfar kwano ga cunkoso ga amalanke na iya bankewa. In baje koli ne cikin zaure mai inuwa, kwalabe a rufe, awa biyu uku da safe, wannan daban.

Hajiya Mai Zuma: Ai kuwa dama ko ba akwati suna zuwa su dame ni. To na haƙura da kasuwa, amma in an yi na lakwal a kira ni in zo da ɗan zuma yara su lasa.

Majo: Hajiya lasar a yi ta bayan an rufe akwati an fitar. Mushe ni nawa ɓangaren na asibiti ne: kafin ranar ka aika a tambayi iyaye ko akwai yaron da harbin zuma ko na rina ya taɓa kumbura mishi jiki duka. Kumburi a wurin harbi ba komai ba ne, a kankare ƙarin da farce a wanke a sa abu mai sanyi. Amma in ka ga leɓe ko fuska na kumbura, ko ƙuraje sun feso ko'ina, numfashi na sarƙewa, yaro na jiri, wannan ba na jiƙo ba ne ba na jira ba, asibiti nan take, allurar adrenalin ake yi. Ka sanar da direkta, kuma moto ya kasance a bakin ƙofa. Sannan kafin a baro gonar Baba a share bayan akwatin tas, don wanda zai yi harbin galibi ba na ciki ba ne, wanda ya maƙale a ƙarƙashin mariƙi ko jikin zanen da aka lulluɓa ne.

Mushen CM2: Na ɗauka Majo, Allah ya saka. Wane wata ya fi? Kuma ruwa fa ya ake ba su a rufe?

Baba Mai Amya: Daga kaka zuwa ƙarshen ɗari. Lokacin gawo ya yi fure, suna da abinci, hankalinsu kwance, ga 'ya'ya cike da saƙa. Daga Maris ya yi nisa ka rataye akwatin sai wata shekara. Amma da ɗari ma kar ka ɗauko shi tsirara bisa moto da asuba iska na bugunshi, 'ya'ya sanyi na kashe su, ka lulluɓa da zane ka bar ƙasa a buɗe. A rungume shi a tsaye, tsawon saƙar ya bi tsawon hanya, mai tuƙi ya bi a hankali. Ruwa kuwa ɗan soso ka jiƙa ka ɗora bisa ragar sama za ka ga sun zo suna tsotsa. Kar ka zuba ya kwarara ciki.

'Yar Birni: Ko ƙaramar kwalba a huda murfinta da allura a kife bisa ragar. In za a wuce awa uku a sa sukari da ruwa daidai wa daida. Kuma in kun ji ƙararsu ta tashi sama kun ga suna gudu ba tsayawa, ba fushi ba ne zafi ne, a rufe ƙyaure a kai inuwa a yayyafa ruwa a raga, darasi ya jira.

Mushen CM2: Wani abu kuma, na karanta labarin rawar da suke yi su nuna ma 'yan uwa inda fure yake, wadda Karl von Frisch ya gano har aka ba shi Nobel a 1973, kuma ance da akwatin gilashi ya yi aikin. Yara za su ga wannan?

'Yar Birni: Kar ka yi musu alkawarinta Mushe. Mai rawa wadda ta dawo daga kiwo ce ta samo abu, naka kuwa a rufe suke ba mai fita ba mai dawowa. Nashi akwatin a kafe yake wuri ɗaya da hanyar fita waje. Abin da za ku gani: masu zura kai cikin rami suna ciyar da tsutsa, biyu sun haɗa baki suna miƙa ma juna abinci, garin fure kala-kala a ramuka, in kun yi sa'a sabuwa tana cinye murfin raminta ta fito jiki fari-fari tana tangaɗi. Ka zo da tocila ka haska ta gefe don ƙwai ba ya ganuwa sai haske ya shiga ƙasan rami. Ka kuma jera su biyar biyar, ba bugun gilashi.

Ɗan Mirya: To ni da nake da amya ta gargajiya bisa itace guda biyu, ba firam ba sanda, an cire ni kenan

Matashin Magarya: Ba a cire ka ba amma ba aikin rana ɗaya ba ne. Sai an yanko saƙar 'ya'ya a daidaita ta cikin firam wanda ba komai, sama na kallon sama yadda take a amya, a ɗaure da zare, a sa cikin gida mai kudan su liƙe ta da kansu su cinye zaren su fitar. Sai ta kama sannan ta shiga gilashi. In ka ɗaure yau ka ɗauka yau kafin ka fita Mirya ta faɗi.

Minizyen Zengo: Baba tsawon sandarka nawa, don akwatin Kenya kowa da nashi awo, kuma zurfin saƙar daga sanda zuwa ƙasa nake so. Kar in yanka gilashi ya zo bai shiga ba, mai gilashi ba ya karɓar abin da ya yanka.

Baba Mai Amya: Kar ka yi aiki da awon baki. Yarona zai shigo gari ranar Alhamis, zan ba shi sanda ɗaya da tsohuwar saƙa busasshiya a jiki ya kawo maka shago ka auna da kanka. Ka lallaɓa ta ka maido min, ina sa ta tarkon sabon kudan.